Shaho ya sa tantabaruna na tsere a gaba: in kashe shi, ko akwai wata hanya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Zariya ne, shekara biyu ke nan da na fara kiwon tantabarun tsere, irin masu komowa gida daga nesa. Tun shigowar hunturu shaho ya sa ni a gaba. Cikin wata biyu na rasa tara daga cikin talatin da huɗu, akasarinsu matasa. Sau biyu na ga ya sure da idona, sauran kuwa fita suka yi ba su dawo ba. Abokaina sun ce in sa masa guba ko in nemo maharbi, wasu kuma sun ce in rataya faifan sidi da madubi a kan ɗakin. Me ya kamata in yi? Kuma da gaske ne shaho ya fi ɗaukar farare?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Wanda bai taɓa renon ɗan shila tun yana tsirara har ya yi gashi, ya koya masa hanyar gida, sannan ya tsaya a tsakar gida yana kallo a sure shi ba, ba zai gane zafin da kake ji ba. Ni na sani, don na sha tsayawa a wurin da kake tsaye yanzu.

In na fahimce ka, kana son sanin abin da zai tsayar da asarar, da ko kashe shahon zai yi magani, da kuma batun launi. Amma akwai wata magana cikin wasiƙarka da nake so ka sake dubawa. Tara ka rasa, biyu ka gani an ɗauka. Sauran bakwai ɗin su ne babbar maganar, kuma zan dawo kansu. Sai dai mu fara sanin wanda muke fama da shi.

Wane shahon ne?

Mu Hausawa duk tsuntsun da ya kawo sura mukan ce shaho ko shirwa. A kiwon tantabara wannan bai isa ba, domin maganin wani ba shi ne maganin wani ba.

Shirwa dai ka cire ta daga zargi. Ita mai bindi mai kama da baki biyu, wadda ke shawagi a kan mahauta da juji, abincinta 'yan tsaki ne da mushe da fara. Za ta iya fyauce ɗan shilan da ya faɗo ƙasa, amma lafiyayyar tantabara a sama ta fi ƙarfinta. Ka lura ma, tantabarun da suka kwana biyu a duniya ba sa ko canja hanya don sun ga shirwa.

Masu yin ɓarnar iri biyu ne. Na farko shi ne shahon sararin sama, mai dogayen fukafukai masu tsini kamar lauje, da baƙin zane a kumatu kamar gashin baki. A ƙasarmu wanda ya fi yawa shi ne wanda Turawa ke kira lana, mai jan-jan a ƙeya. Ɗan gida ne, yana nan rani da damina, yana son wuraren da ke da manyan duwatsu irin na Kufena, da dogayen gine-gine da ƙarafan sabis, kuma cikin rani yake ƙyanƙyasa. Sau da yawa miji da mata suke farauta tare, ɗaya ya tarwatsa ɗaya ya ɗauka. Sai ɗan'uwansa feregirin, wanda wasu daga cikinsu ke baro arewacin duniya su sauko Afirka ta Yamma daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Shi ne tsuntsun da ya fi kowace halitta gudu: idan ya haɗe fukafukai ya sulmiyo daga sama yakan wuce kilomita 300 a awa. Da ƙafa yake bugu, sannan ya karya wuya da wani ɗan haƙori da ke gefen bakinsa. To ka ga hunturu ya haɗa maka biyu, ɗan gida yana shirin ciyar da iyali, baƙo kuma ya sauka. Shi ya sa abin ya tsananta a daidai lokacin da ka faɗa.

Na biyu shi ne shahon kwanton ɓauna, mai gajerun fukafukai masu faɗi da dogon bindi. Wannan ba ya tsere da tantabara a sarari. Cikin darbejiya ko mangwaro yake laɓewa, ya bi bayan katanga ƙasa-ƙasa, ya faɗo wa tsuntsu yana zaune a kan rufi ko yana tsince a ƙasa. A Ingila shahon gwara ne ke wannan aiki, macen musamman, don ta kusa ninka namijin a nauyi. A Jamus da Beljiyam da Holan kuma akwai babban yayansa na daji wanda tantabara ba komai ba ce a wurinsa. Namu na nan akasari ƙanana ne, sun fi ƙarfi a kan ƙadangare da ƙananan tsuntsaye, amma matashiyar tantabara ko mara lafiya ba ta tsira daga sharrinsu ba.

Gawa ma tana ba da labari. Shahon sarari yakan cinye ƙirji ya bar fukafukai biyu haɗe da ƙashi, sau da yawa kan a cire. Na kwanton ɓauna yakan fige gashi ya bar shi a zagaye a ƙasa kamar an fige kaza. In ka ɗauki gashin ka ga gindinsa lafiya lau, tsuntsu ne ya fige. In ka ga an tattauna shi an gutsure, to mage ce ko muzuru. Abin da ya ɓace da dare kuwa, ka nemi mage ko gafiya ko maciji ko mujiya, ko ɗan Adam.

Bakwai ɗin da ba ka gani ba

A Birtaniya rigimar masu tantabara da shaho ta kai har gaban gwamnati, don haka an yi bincike a kai. Wanda aka yi a Sikotilan aka fitar a 2004, tare da haɗin kan ƙungiyar masu tantabarun tsere ta ƙasar, ya gano cewa kusan kashi 56 cikin ɗari na tantabarun tsere ke salwanta a shekara ta kowace irin hanya. Wanda aka iya ɗora wa shahon gwara bai kai kashi 1 ba, na feregirin kuma aƙalla kashi 2. Wani binciken da aka fitar a 2000 kan Birtaniya baki ɗaya ya ba shahunan kaso mafi girma, wajen kashi 7 zuwa 8 idan an haɗa su, amma shi ma ya nuna mafi yawan asarar daga ɓatan hanya ne da gajiya da karo da wayoyin lantarki da gine-gine.

Masu tantabara da yawa a can sun ƙi yarda da waɗannan alƙaluma, kuma ni ina ganin suna da hujja guda mai ƙarfi. Mai bincike yana ƙirga wadda aka samu zoben ƙafarta a gindin sheƙar shaho. Ba ya iya ƙirga wadda firgita ta kashe. Sannan matsakaicin lissafi ba ya share hawayen mutumin da ɗakinsa ke ƙarƙashin dutsen da shahon ke kwana. Kuma lissafin Turai ne, ba na Zariya ba.

Bari in ba ka abin da na gani. Wata safiya cikin hunturu, ana ɗan hazo, na saki matasa ashirin da biyu. Suna zagaye na uku sai na ga garken ya dunƙule wuri ɗaya kamar an ja bakin jaka, kafin in ɗaga kai na ji wani fuuu kamar an yaga yadi. Ɗaya ya buga, gashi ya watse a iska. Amma abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Garken ya fashe gida huɗu. Wata ta zo a guje ta bugi wayar lantarki ta faɗo a gaban shagon maƙwabcina, ƙirji a tsage. Biyu suka kutsa cikin darbejiya suka laɓe har la'asar, ina kaɗa gwangwanin dawa suna kallona ba su motsa ba. Wasu suka yi sama har suka zama ɗigo, suka miƙe gabas. Da magariba goma sha biyar na ƙirga. Washegari biyu suka dawo, bayan kwana uku ɗaya ta dawo a rame. Shaho ɗaya ya ci, ni huɗu na rasa.

Ina kyautata zaton irin wannan ce ta sami mafi yawan bakwai ɗinka. Matashiyar da ba ta gama haddace unguwa ba, in tsoro ya kore ta kilomita goma cikin hazo, ta ɓata. Wata ta gaji ta sauka inda mage ke jira, wata ta bi garken wani mai kiwo ta shige ɗakinsa, kuma ka san ba kowa ne ke mayar da tsintuwa ba. Wannan labari ne mai daɗi ta wani gefen, domin shahon ba ya hannunka, amma shekarun tsuntsun da ka saki, da lafiyarsa, da lokacin da ka buɗe ƙofa, duk suna hannunka.

Maganar guba da maharbi

Kai tsaye nake gaya maka, kada ka yi. Guba ba ta san wanda aka sa ta dominsa ba. Abin da shaho ya yar, kare zai ɗauka, mage za ta ci, ungulu za ta sauka a kai, kajin maƙwabta za su tsattsaga, yaro kuma zai iya tsinta ya kai wa wuta. Irin magungunan gonar da ake amfani da su a wannan ɗanyen aiki kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe mutum. Ba na son ka ɗauki alhakin rai a kan tsuntsu.

Ko da harbi ne, ba ya biyan buƙata. Shahunan da suka kama wuri suna korar sauran 'yan'uwansu daga yankin. Ka kawar da su, ka buɗe gurbi, kuma kullum akwai matasan shahuna marasa wuri da ke yawo suna neman irin wannan dama. Abin da ya kawo na farko, wato wurin zama mai tsawo da abinci a sauƙaƙe, yana nan bai gusa ba. A Birtaniya gwamnati da kanta ta taɓa gwadawa. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ba da umarnin kashe feregirin don kare tantabarun da ke kai saƙon soja, aka kashe wajen 600 kafin a dakatar bayan yaƙin. Kafin tsakiyar shekarun 1950 sun kusa komawa yadda suke. A 1960 masu tantabara suka sake kai kuka cewa shahon ya yi yawa, aka sa wani masani mai suna Derek Ratcliffe ya ƙirga su a 1961 da 1962. Sai ya tarar akasin haka: suna ƙarewa ne, saboda magungunan ƙwari irin su DDT da suka bi ta jikin tsuntsayen da suke ci, har ɓawon ƙwansu ya rage kauri yana fashewa. A 1963 ma'aurata wajen 360 suka rage. Bayan hana magungunan da kuma kariyar doka, ƙidayar 2014 ta samu ma'aurata 1,769. Yau kashe shi laifi ne a can ƙarƙashin dokar 1981, kuma duk da haka ana tsere, ana cin kofuna. Masu kiwon ne suka canja salon aikinsu. A 2009 ma an gwada kama shahon gwara a Sikotilan ana kai shi nesa da ɗakunan tantabaru, gwajin bai nuna wata fa'ida tabbatacciya ba.

Mu kuma a nan halin da tsuntsayen farautarmu ke ciki ya fi na can muni. Wani babban bincike da aka wallafa a farkon 2024 ya duba iri 42 na waɗannan tsuntsaye a Afirka, ya samu kusan kashi 90 cikin ɗari suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala. Kai ma shaida ne, yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta kamar yadda muka taso muna gani? Tsuntsayen farautar nan kuwa su ne ke rage mana ɓera da fara da jan-baki a gona.

Faifan sidi da madubi da mujiyar roba kuwa, na gwada su duka. Sukan yi aikin kwana uku ko mako guda, sannan shahon ya gane ba sa cizo. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya, har da manna hoton ido a fukafukan tantabara, ba su nuna hujja mai gamsarwa ba. In za ka rataya, ka riƙa canja musu wuri, amma kada ka dogara da su.

Abin da nake yi a ɗakina

Babban abin da ya rage mini asara shi ne daina barin ƙofa a buɗe. Tantabarar da ke yini a kan kwano tana gyaran gashi, tallan kanta take yi. Nawa da yunwa suke fita. Su yi shawaginsu, in kaɗa gwangwani in yi fito, su sauka su shige cikin minti biyu, sannan su ci. Wannan horon tun suna shila ake fara shi: duk lokacin da za ka zuba abinci ka kaɗa gwangwanin, har sautin ya zama abinci a kunnensu. Wadda ta yi taurin kai ta tsaya a waje, ta tarar an kwashe. Sau biyu ya ishe ta darasi.

Sai lokaci. Shaho da yunwa yake kwana, don haka sanyin safiya da gab da faɗuwar rana su ne lokutan farautarsa mafi zafi. Yana kuma da kiyaye al'ada. In kullum ƙarfe bakwai kake saki, za ka tarar ya riga ka fitowa. Cikin hunturu ni sai hantsi ya ɗaga nake buɗewa, kuma ba na tsayar da sa'a guda. Kafin in buɗe nakan ɗauki minti biyar ina duba sama da ƙarfen sabis ɗin da ke yamma da gidana. Nakan saurari gari ma. In hankaki suna ihu suna bin wani abu, ko ƙananan tsuntsaye sun yi tsit lokaci guda, ranar ba fita. Ranar hazo mai kauri ma ba fita. In kuma an kawo hari, nakan kulle su kwana huɗu zuwa mako guda, don shahon ya nemi wata kasuwar, su ma hankalinsu ya kwanta. A Turai da yawa daga masu kiwo kulle tsuntsayensu suke yi duk tsawon sanyi saboda wannan dalili. A halin da kake ciki, shawarata ita ce ka kulle yau ɗin nan, ka yi musu babban keji na ragar waya a gaban ɗakin inda za su sha rana su yi wanka.

Matasa su ne suka fi buƙatar kulawa, kuma a nan ne nake zaton gyaranka yake. Ɗan shila ana raba shi da iyaye yana da kwana 25 zuwa 30. Daga nan sai ya yi kwanaki cikin kejin waya a kan rufin ɗakin, yana kallon unguwa ta kowace kusurwa, yana koyon shiga ta ƙofar, tun fiffikensa bai yi ƙarfin kai shi nesa ba. Wanda ya haddace gida kafin ya iya gudu, ko an tarwatsa shi zai dawo. Wanda aka riƙe har ya yi ƙarfi sannan aka sake shi, firgita ɗaya ta ishe shi ɓata. Ka kuma tsara ƙyanƙyasarka yadda fitar matasa ta farko ba za ta faɗo tsakiyar hunturu ba. Ni nakan haɗa su da tsofaffi biyu ko uku masu natsuwa, waɗanda suka taɓa ganin shaho suka tsira.

Kada ka saki ɗaya ko biyu su kaɗai. Wani masani a Ingila, Robert Kenward, ya gwada wannan a shekarun 1970 da horarren shaho a kan tantabarun daji. Idan tsuntsu ɗaya ne, kusan sau takwas cikin goma shahon ke nasara. Idan garken ya haura hamsin, nasarar ba ta kai ɗaya cikin goma ba, domin idanu sun yi yawa, tun daga nesa ake hango shi. Haka ma wajen horon nesa: ka sake su tare, a fili, nesa da duwatsu da dogayen ƙarafa, kuma ka bar su su huta cikin kwando kamar minti goma su ga gari kafin ka buɗe.

Lafiya ma kariya ce. A miƙe, ba daga sama ba, ƙosasshiyar tantabarar tsere tana iya wahalar da shaho har ya haƙura. Wadda ke da tsutsar ciki, ko ciwon maƙogwaron nan mai sa rawayan abu a baki, ko wadda ke tsakiyar sake gashin fiffike, ita ce ke zama ta baya a garke, kuma ta baya yake nema. Iyayen da ka kashe kuɗi a kansu don iri kuwa, ba su da dalilin fita ko kaɗan. In kuma ka tabbatar na kwanton ɓauna ne ke damunka, ka sassabe rassan da suka yi kusa da ɗakin, ka daina zuba abinci a ƙasa a waje.

Batun farare

Akwai gaskiya a ciki, amma ba farin ne laifin ba, fita daban ne. Binciken da wani masani mai suna Christian Rutz ya yi a birnin Hambog na Jamus ya nuna babban shahon daji yana zaɓar tantabarar da launinta ya bambanta da na sauran garken, galibi fara cikin masu ruwan toka. Fara ɗaya cikin shuɗaye talatin ta zama abin saiti. Wani abin mamaki kuma, a Kalifoniya ta Amurka an shafe shekara bakwai ana lura da hare-haren feregirin, aka wallafa sakamakon a 2005. Tantabaru masu ruwan toka da ke da farin tabo a ƙugu, saman gindin bindi, su ne kusan kashi 20 cikin ɗari na tantabarun wurin, amma kashi 2 kacal na waɗanda aka kama. Da masu binciken suka musanya gashin ƙugun tsakanin tsuntsaye 756, sai sa'ar ta bi gashin. Bayanin da suka bayar shi ne, idon shahon na kafewa a kan farin, sai tantabarar ta mirgina ta kauce a daidai lokacin bugu. Ni ba na zaɓar iri saboda launi kawai, amma in biyu sun yi kunnen doki a gudu da komowa gida, mai farin ƙugun nake ajiyewa.

Ban ga ɗakinka ba, ban ga shahonka ba, don haka ka ɗauki mako guda kana lura: daga sama yake zuwa ko daga cikin itace, da wane lokaci, shi kaɗai ko su biyu. Kuma ba zan yi maka alkawarin asara za ta ƙare ba. Duk da wannan taka-tsantsan, ni ma nakan rasa ɗaya ko biyu a shekara, kuma in gidanka na dab da inda suke sheƙa, wataƙila sai ka haƙura da sakin tsuntsu na tsawon watannin da suke ciyar da 'ya'ya.

Abu na ƙarshe, wadda ta kuɓuta ta dawo, kada ka duba ta daga nesa ka ce lafiya take. Ka kama ta ka hura gashin bayanta da ƙarƙashin fukafukai, domin farcen shaho ƙaramin rami yake bari mai zurfi, ya rufe a sama ya ruɓe a ciki. Ka wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka shafa aidin, ka ware ta a wuri mai ɗumi da duhu, ka fara ba ta ruwa kafin abinci. In ka ga ruwan da ta sha yana ɗiga ta ƙirji, jakar abincin da ke ƙasan wuyanta ce ta yage. Kada ka yanka ta da gaggawa, ka kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, ɗinki ake yi, jakar daban fatar daban, ya kuma rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwai wata shuɗiya a ɗakina da aka yi wa irin wannan ɗinki shekara uku da suka wuce. Ita nake sa wa matasa a gaba duk ranar fitarsu ta farko.